Yayana bai taɓa shan taba ba, amma sankarar hanta ta ɗauke shi: me za mu gyara a gidajenmu?

Baban Hauwa (Jekadafari):
Assalamu alaikum, 'yan'uwa na wannan zaure. Yau kwana 40 ke nan da rasuwar yayana wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, kuma na kasa riƙe abin da ke cina a zuciya ni kaɗai. Shekarunsa 46, manomi ne, bai taɓa sa karan sigari a bakinsa ba, giya kuwa ko warinta bai sani ba, ga shi mutum ne mai aikin ƙarfi wanda ba shi da ƙiba ko kaɗan. Da damina ta yi tsaka ya fara rama, cikinsa ya kumbura, idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, mu kuwa muka yi ta jiƙa masa sassaƙe a kan cewa shawara ce. Sai da abin ya gagara muka kai shi asibiti, aka ɗebi jini aka yi hoton ciki, likita ya ce sankarar hanta ce kuma ta riga ta yi nisa. Bai cika wata uku ba bayan wannan magana.

Tambayoyi biyu likitan ya yi mana waɗanda har yanzu suke yi mini yawo a kai. Ya ce ko an taɓa yi wa marigayin gwajin ciwon hanta nau'in B, muka ce ba mu taɓa jin an yi ba. Ya ce yaya muke shanya masara da gyaɗa, kuma a ina muke ajiye su. Na shiga intanet don in ƙara fahimta, sai na tarar yawancin shawarwarin kare kai daga cutar daji an rubuta su ne don mutanen wata duniya: a shiga gidan motsa jiki, a ci wasu ganyaye da ban taɓa gani a kasuwar Gombe ba. Ina roƙon masu ilimi a cikinmu su faɗa mana, mu da muke cin tuwon masara da ƙuli-ƙuli, muke kai 'ya'yanmu wurin wanzami, wane abu ne yake hannunmu?

Maman Sadiƙ (ma'aikaciyar jinya, Tumfure):
Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan yaya, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya ba ku haƙuri. Baban Hauwa, tambayoyin nan biyu da likita ya yi maka su ne tushen maganar, kuma zan fara da ta farko domin ita ce aikina.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na cututtukan daji ana iya kauce musu, amma abin da ke jawo su ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Turai an fi fama da taba da giya da ƙiba. Mu nan muna da namu rabon na waɗannan, sai dai a kansu muna da ƙari, wato sankarar da ƙwayoyin cuta masu yaɗuwa suke haifarwa, kuma babba a cikinsu ga hanta ita ce ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Babban binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin kowane 100 na manya suna ɗauke da ita, yawancinsu kuma ba su sani ba, domin tana iya zama a jiki shekara 20 ko 30 ba tare da ko ciwon kai ba, tana cin hanta a hankali har ta ƙanƙance ko ta rikiɗe ta zama sankara.

Abin da nake so iyaye su riƙe shi ne, babban mutum idan ya kamu, yawanci jikinsa yakan kore ta da kansa, waɗanda take zaune musu ba su kai 5 cikin 100 ba. Jariri kuwa idan ya kamu, kimanin 9 cikin 10 za ta zauna musu har girma. Shi ya sa allurar da ake yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa take da nauyi sosai, sannan a bi ta da na sati 6 da 10 da 14. Wannan riga-kafi ya shiga jadawalin yaran Nijeriya ne a 2004, ke nan duk wanda aka haifa kafin nan, da ni da kai da marigayi, bai same shi yana jariri ba. Matan da suke haihuwa a gida su suka fi rasa allurar farko, domin sai bayan suna ake fitowa da jariri. Ko a gida aka haihu, a naɗe yaro a kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a ranar.

Shawarata gare ka ita ce ku je a gwada ku duka: kai, sauran 'yan ɗakinku, matar marigayi da 'ya'yansa. Wanda ba shi da ita a yi masa allura uku cikin wata shida. Wanda yake da ita likita zai duba ko yana buƙatar magani, akwai ƙwayar da ke danne cutar ta kuma rage haɗarin sankara, kuma za a riƙa bibiyar hantarsa da gwajin jini da hoto.

Malamin Gona (Kumo):
Allah ya gafarta wa mamaci. Hajiya ta amsa tambaya ta farko, bari ni kuma in ɗauki ta biyu, tun da shekaruna sun ƙare a tsakanin gona da rumbu.

Akwai wata hunhuna mai launin kore-kore zuwa ruwan ɗorawa da ke zaune a cikin ƙasa, takan kama gyaɗa da masara, ta fitar da guba mai suna afalatoksin. An gano wannan guba ne bayan da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa. A Kenya kuma a 2004 mutum 125 suka mutu bayan sun ci gurɓatacciyar masara. Wancan kisan gaggawa ne na wanda ya ci da yawa a lokaci guda. Abin da ya fi shafarmu shi ne ɗan kaɗan-kaɗan da ake ci kullum shekara da shekaru, wanda aka tabbatar yana haifar da sankarar hanta, kuma idan ya haɗu da ciwon hanta nau'in B a jikin mutum ɗaya, haɗarin yakan ninka sau da yawa fiye da na kowannensu shi kaɗai.

Gubar nan ba ta mutuwa da dafuwa. A tafasa, a soya, a toya ƙuli-ƙuli, tana nan. Don haka maganinta a gona yake da wurin shanya. Amfanin da fari ya wahalar da shi gab da nuna, ko ƙwari suka huda, ko fartanya ta fasa kwansonsa wajen cira, shi ya fi kamuwa. Bayan girbi kuma ga abin da muke yi da hannunmu: mu tara masara a ƙasa raɓa na sauka a kanta, mu baza ta a gefen kwalta, mu ɗura ta a buhu tun ba ta gama bushewa ba domin gudun ɓarayi, mu jingina buhun da bango a kan siminti mai laima. Wasu har ruwa suke yayyafa wa gyaɗa don ta yi sauƙin ɓarewa, su bar ta ta kwana a haka. Gyaran shi ne a yi shanya a kan tamfol, a tabbatar ƙwaya ta bushe har idan an ciza ta ƙara take yi, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, sannan a zauna a tsince duk ƙwayar da ta motse, ta canza launi ko ta yi ɗaci. Tsintar nan da iyayenmu mata suke yi a faifai ba ɓata lokaci ba ce, domin gubar takan taru ne a 'yan ƙwayoyi kaɗan marasa kyau. Akwai kuma Aflasafe, maganin rage wannan guba da cibiyar binciken noma ta Ibadan ta samar, wanda ake watsawa a gona sati biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure.

Alhaji Mai Hatsi (Tudun Hatsi):
Malam, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ka yi magana kamar mai ƙoshi. Ni a kasuwa nake zaune, ina ganin wanda ke sayen tsintar da ka ce a zubar. Gyaɗa mai kyau ana loda ta a mota a yi kudu da ita, wadda aka tsince kuwa mata masu ƙuli-ƙuli da masu kunun gyaɗa suke saye saboda ita ce kuɗinsu ya kai. Magidancin da ke da 'ya'ya tara, buhunsa na ƙarshe ya yi hunhuna a watan Agusta, ka ce ya zubar ya ci me? Idan ba a kawo mafita ga talaka ba, wannan magana za ta tsaya ne a waya.

Malamin Gona (Kumo):
Alhaji, ranka ya daɗe, ban musa maka ba, kuma abin da ka faɗa shi ne ya fi ba ni tsoro, domin ya nuna cewa mafi munin ƙwayar tana ƙarewa ne a cikin yaran da suka fi kowa rashin gata. Amma ka duba, wanda buhunsa ya lalace a Agusta, tun a Oktoba da Nuwamba aka yi kuskuren, lokacin da ƙarin kwana uku na shanya ba zai ci masa ko sisi ba. Kuɗin tamfol ɗaya bai kai asarar buhu ɗaya ba. Wanda ya riga ya shiga wannan hali kuma, ya tsince, ya surfa, ya wanke ya zubar da abin da ya taso saman ruwa, wannan yana rage gubar ko da bai kawar da ita duka ba. Kada kuma a ce za a zuba wa saniyar tatsa, domin wani ɓangare na gubar yana fitowa a nono. Ku kuma dillalai kuna da ƙarfin da mu malaman gona ba mu da shi: ranar da kuka fara ƙin sayen ɗanyen kaya, kuka bambanta farashin busasshe, a kakar nan manomi zai gyara.

Abu Ammar (Bolari):
Ni dai ina ganin ana neman ɗaga wa bawan Allah hankali ne alhali yana cikin makoki. Kwanan yayansa ne ya ƙare. Mun ga waɗanda suka shekara 50 suna busa sigari suka mutu da tsufa, mun ga wanda bai taɓa sha ba ya kamu. Idan da kiyayewa tana hanawa, da likitoci ba su mutuwa da wannan ciwo.

Malamin Islamiyya (Pantami):
Ɗan'uwa Abu Ammar, babu Musulmin da zai yi jayayya cewa ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma Baban Hauwa bai ce da an yi kaza da yayansa bai mutu ba. Tambayarsa a kan rayayyu take. Ka tuna lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka ba shi labarin annoba ta ɓarke a can, ya yanke shawarar komawa da jama'a, aka ce masa ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa da cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Riƙo da sababi yana cikin imani da ƙaddara. Kuma ma'aikatan lafiya ba su ce wanda ya kiyaye ba zai kamu ba, cewa suka yi a cikin mutum dubu da suka kiyaye, waɗanda za su kamu ba za su kai na cikin dubun da ba su kiyaye ba. Tsohon da ya shekara 50 yana shan taba kana ganinsa ne domin shi ya rage, abokan shan nasa da ta kwashe tun suna 'yan 55 ba sa nan balle ka ƙirga su.

Sai dai akwai gaskiya guda a cikin maganarka da nake so mu riƙe: kada wannan ilimi ya zama sandar dukan marar lafiya. Wanda Allah ya jarrabta da wannan ciwo jinya da addu'a yake buƙata, ba tuhuma ba.

Jikan Wanzami (Dukku):
Allah ya gafarta Malam. Na ga an ambaci wanzami tun a farko, kuma ni a gidan wanzanci na tashi, saboda haka ba zan yi shiru ba. Kakana da aska ɗaya yake yi wa jarirai biyar askin suna a safiya guda, ya goge ta a tafin hannu ko a fata ya wuce gida na gaba. Haka kaciya, haka ƙaho, haka cire beli. Bai yi don mugunta ba, abin da ya tarar ke nan. Ina so Hajiya ta gaya mini gaskiya, shin wankewa da ruwan zafi ko goge aska da fetur ya wadatar? Domin wasu daga cikinmu sun koma sabuwar reza ga kowane yaro, wasu kuma suna ganin raina sana'ar gado ne.

Maman Sadiƙ (ma'aikaciyar jinya, Tumfure):
Malam, na gode da ka fito fili, irinku muke nema. Bai wadatar ba. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana 7 ko fiye, kuma ɗigon da ido ba ya gani ya isa. Sabuwar reza ga kowane mutum ita ce hanya, iyaye su saya da kansu su buɗe a gaban wanzami. Haka ma masu yankan farce da ke yawo da almakashi ɗaya, da mai allura a kemis. Cire beli kuwa ina roƙo a bar shi gaba ɗaya, ba ya maganin komai, jini kawai yake zubarwa.

Bari in gyara wani kuskure da ya yaɗu: wannan ciwo ba a ɗaukarsa ta zufa, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko musafaha. Ta jini ne, da saduwar aure, da uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Na ga matar da aka ware mata kofi da cokali a gidan mijinta, wannan zalunci ne da ba shi da tushe.

Baban 'Yan Biyu (Bajoga):
Tun da ana maganar allura, ni ma ina da tawa damuwar. An zo makarantar 'yata za a yi musu allurar sankarar bakin mahaifa, na hana. Yarinya 'yar shekara 10 wace mahaifa za a kare mata? Kuma me ya sa mata kawai, kuma kyauta, alhali maganin zazzaɓi sai na saya? An ce tana hana haihuwa. Ban ce na gaskata ba, amma ban samu wanda ya yi mini bayani ba.

Maman Sadiƙ (ma'aikaciyar jinya, Tumfure):
Baban 'Yan Biyu, uban da ya tsaya ya tambaya kafin a taɓa 'yarsa bai yi laifi ba, laifin namu ne da muke zuwa da allura kafin bayani. Kusan duk sankarar bakin mahaifa wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV take jawo ta. Ana ɗaukarta ta hanyar saduwa, ta yaɗu sosai a duniya, kuma macen da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya samunta, don haka ba ciwon marasa tarbiyya ba ne. Allurar tana hana kamuwa ne, ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, shi ya sa ake yi wa 'yan shekara 9 zuwa 14, tun kafin aure. An fara da mata ne domin su ke mutuwa: a 2020 mata kimanin 12,000 suka kamu a Nijeriya, kimanin 8,000 suka rasu.

Ba a kanmu aka fara ba. Tun 2006 ake amfani da ita, kuma ƙasashe irin su Ingila da Ostareliya sun yi wa 'ya'yansu mata shekara da shekaru, waɗannan 'yan mata sun girma sun yi aure suna haihuwa. Mu ne ma muka makara, sai a Oktoban 2023 aka ƙaddamar da ita a nan, Bauchi tana cikin rukunin farko, Gombe ta biyo baya a Mayun 2024, a ƙarƙashin ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate, wanda ɗan Misau ne. Kafin nan masu kuɗi ne kaɗai suke saya a asibitocin kuɗi. Allura ɗaya ce, kuma za ka iya kai ta asibiti da kanka ka tsaya a kanta.

Ga iyayensu mata kuma da allurar ta wuce su, akwai gwajin bakin mahaifa daga shekara 30, ko 25 ga mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. 'Yan mintoci ne, kuma yana gano canjin da ake iya magancewa shekaru kafin ya zama sankara.

Maman Rahila (Billiri):
Ina yi wa Baban Hauwa ta'aziyya, Allah ya ba da haƙuri. A wajenmu akwai abin da ba a ambata ba, wato burkutu da barasar leda mai arha da matasa suka rungume. An tabbatar giya tana jawo sankara aƙalla iri bakwai, har da ta hanta, ta maƙogwaro, ta hanji da ta mama, kuma jiki bai san bambancin ta gida da ta kwalba ba. Mun fara wannan magana a zumuntar mata a majami'armu.

Ni kaina an yi mini aikin mama shekara shida da suka wuce, ga ni ina noma. Ƙullutu ne kamar ƙwayar gyaɗa, ba ya ciwo, maƙwabta suka ce in shafa magani in jira. Ban jira ba. Na shayar da 'ya'yana duka, kuma gaskiya ne shayarwa tana rage haɗari, amma ba ta hana ni kamuwa ba. Don haka ina gaya wa 'yan'uwana mata, duk ƙullutu, ko jini daga kan nono, ko fatar ta lotsa, ko zubar jini bayan saduwa ko bayan al'ada ta ɗauke, a je asibiti a satin. Ga maza kuma, kada ku hana. Da yawa daga matan da na tarar a layin asibiti kuɗin mota da izinin miji ne suka jinkirta su.

Ɗan Autan Zaure (Herwagana):
Iyayena, ina neman afuwa in sa baki. Mu matasa da yawa ba ma shan sigari, amma shisha ta zama ruwan dare a wajen biki da majalisa, kuma abin da ake faɗa shi ne ruwan da ke ciki yana tace dattin. Mene ne gaskiyar wannan?

Malamin Kimiyya (Kaltungo):
Ɗana, ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake yi, shi ya sa kake iya zuƙa da zurfi ba tare da tari ba. Taba ce aka jiƙa da zaƙi da ƙamshi, ga kuma hayaƙin gawayi a kai, kuma ana iya shafe awa guda ana zuƙa. Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kimanin 70 daga ciki an san suna jawo sankara, kuma ba huhu kaɗai suke taɓawa ba, har baki, maƙogwaro, mafitsara da bakin mahaifa. Tabar gari da tsofaffi ke cusawa a leɓe ita ma tana jawo sankarar baki. Dokar taƙaita taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da kara ɗai-ɗai, amma kowa ya san abin da ke kan teburin mai shayi. Abin ƙarfafa gwiwa shi ne wanda ya daina, bayan shekara 10 haɗarin sankarar huhunsa yakan sauko zuwa kusan rabin na wanda ya ci gaba.

Tun da na ambaci mai shayi: shan abin da zafinsa ya wuce digiri 65 ana danganta shi da sankarar hanyar abinci. A bar shayi da koko su sha iska kafin a kurɓa.

Sarkin Tukuba (Tashar Dukku):
Malam, ni mai tsire ne, kuma na ji ana cewa nama ma yana ciki. Ina so in ji daga bakinka kafin jita-jita ta kashe mana kasuwa.

Malamin Kimiyya (Kaltungo):
Sarki, kasuwarka ba za ta mutu ba. A 2015 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi ko sinadari don ya daɗe yana jawo sankarar hanji, kuma cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin da kimanin kashi 18 cikin 100. Jan nama kuma ta ce akwai yiwuwar hakan. Magana ce ta mai ci kullum, yawancin mutanenmu kuwa ba su samun nama haka. Abin da ke hannunka shi ne kada nama ya ƙone ya yi baƙi, kada kitse ya riƙa ɗiga cikin wuta harshenta yana lasar naman, a kankare ƙonannen wuri. Ka kuma lura da inda kake sayen ƙulin da kake barbaɗawa, domin maganar Malamin Gona ta biyo ka har tukuba. Babbake kai da ƙafa da tsohuwar taya kuwa a daina shi sam.

Wanda ya kamata ya ji tsoro shi ne ma'aikaci irina da ya bar gero da dawa da wake ya koma farar shinkafa da lemon kwalba, yake hawa babur zuwa masallacin da ke bayan gidansa. Ƙiba tana da alaƙa da sankara iri 13. Abin da ake nema minti 150 ne na motsa jiki a sati, wato tafiyar sauri ta rabin awa sau biyar. Ganyen da Baban Hauwa bai gani a kasuwa ba kuma ba ya buƙatarsa, zogale, rama, alayyafo, kuka, kuɓewa, yakuwa da kabewa sun isa.

Masunci (Dadin Kowa):
Ku yi haƙuri na shigo a makare. Mu mazauna bakin ruwa yaranmu maza da yawa suna fitsarin jini, har wasu iyaye suna ɗauka alamar balaga ce. Wani ma'aikacin lafiya ya ce mana tsargiya ce, tsutsarta daga dodon koɗi take fitowa ta huda fatar mai wanka, kuma idan ta daɗe ƙwayayenta suna cin bangon mafitsara har ya zama sankara. Haka ne?

Maman Sadiƙ (ma'aikaciyar jinya, Tumfure):
Haka ne, Malam, ya gaya muku daidai. Maganinta ƙwaya ce mai suna firazikwantel wadda akan raba a makarantu, ana auna tsawon yaro a ba shi, bayan ya ci abinci. Sai dai ana sake kamuwa, don haka ku da aikinku yake cikin ruwa kada ku ce sau ɗaya ya isa, kuma a hana yara fitsari a cikin ruwa, domin ta nan ƙwayayen suke komawa.

Baban 'Yan Biyu (Bajoga):
Hajiya, na karanta bayaninki sau biyu. Zan yi shawara da mahaifiyarta, idan mun amince ni zan kai ta da kaina. 'Yar yayata kuma ta cika 15 a bana, ita ta wuce ke nan?

Maman Sadiƙ (ma'aikaciyar jinya, Tumfure):
Ta kyautar ta 'yan 9 zuwa 14 ce, amma allurar tana amfani ga wadda ta haura haka, musamman idan ba ta yi aure ba. Ku je da ita a tambaya a sashen riga-kafi.

Baban Hauwa (Jekadafari):
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na yi kwana biyu ban leƙo ba domin na bi shawarar Hajiya. Mu bakwai muka je gwaji jiya. Ni da ƙanwata ɗaya an samu ƙwayar a jininmu, matar marigayi da 'ya'yansa uku ba su da ita, haka ma autanmu, kuma an yi wa waɗanda ba su taɓa samun riga-kafin ba allurar farko. An tura mu Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe don ƙarin gwaji ranar Litinin. Ba zan ɓoye muku ba, jikina ya yi sanyi da na ga takardar, sai da na zauna a kan benci na daɗe. Matata tana da ciki wata bakwai, ita ma gobe zan kai ta, kuma na riga na gaya wa mahaifiyata cewa ko a gida aka haihu, a ranar za a kai jaririn allura.

Malamin Gona, akwai buhu 11 na masarar marigayi a ɗakin ajiya, na marayunsa ne, kuma biyu da ke jingine da bango na ga sun dunƙule daga ƙasa. Yaya zan yi da su?

Malamin Gona (Kumo):
Allah ya ba ku lafiya, kai da ƙanwar taka. Ka fitar da biyun nan daban, kada ka haɗa su da sauran. Inda ya dunƙule ka haƙa rami ka binne, kada a ba kaji ko akuya. Sauran tara ka zazzage kowanne a kan tamfol ka duba, ka ba su rana biyu, a tsince a sake musu buhu, a ɗora a kan katako. Ranar Asabar ina da shigowa Gombe, ka turo mini kwatancen gidan ta akwatin saƙo, zan zo da tamfol ɗina mu duba su tare.